UCSC Genome Browser: inda nake nuna wa ɗalibaina kishiyar RNA ido da ido

Ina koyar da ilimin ƙwayoyin gado, kuma babu darasin da ke ba ɗalibaina wahala kamar na kishiyar RNA, wato RNA (kwafin saƙon gado) ɗin da ake kwafowa daga ɗaya igiyar DNA mai igiya biyu, yana tafiya baibai da ƙwayar gadon da ke wurin. A kan allo kibau biyu ne kawai suna fuskantar juna. A UCSC Genome Browser kuwa, shafin intanet na duba taswirar ƙwayoyin gado wanda Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Kuruz ke gudanarwa tun shekarar 2000, abin a fili yake, kuma kyauta ake shiga.

Zaɓi jerin gadon ɗan Adam na hg38, ka rubuta FGF2 a akwatin bincike. Wannan ita ce ƙwayar gadon wani sinadarin girma da ke umartar ƙwayoyin halitta su rabu su yawaita. Za ka gan ta a kuromosom na 4, 'yan ƙananan kibau a jikin layinta suna nuna dama. Kusa da wutsiyarta ga wani layi mai suna NUDT6, kibansa suna nuna hagu, wutsiyoyin biyu sun hau juna. A nan ne RNA ɗin biyu za su iya manne wa juna. Masu bincike Kimelman da Kirschner ne suka fara ba da labarin wannan kishiya a 1989, a ƙwan kwaɗon Xenopus. Duk lokacin da na buɗe wannan wuri a aji, tambayoyi ke barkewa, abin da zanen allo bai taɓa jawowa ba.

Wurin da na fi daɗewa a kai shi ne 9p21, wani yanki a kuromosom na 9. Rubuta CDKN2B-AS1, kishiyar RNA da aka fi sani da ANRIL, sannan ka ja hoton baya har tsawonsa duka ya bayyana, sama da harufan DNA dubu 100. Ƙwayar gadon p15 tana zaune cur a cikin tazarar farko ta ANRIL, wato sashen da ake yankewa bayan an kwafo RNA, tana fuskantar wani gefe, p16 kuma tana maƙwabtaka. Su biyun birki ne: furotin ɗin da suke samarwa suna riƙe CDK4 da CDK6, masu tura ƙwayar halitta ta rabu, don kada ta wuce matakin shiri na G1 ta fara kwafar DNA. ANRIL yana jawo furotin na rukunin Polycomb, masu rufe bakin ƙwayoyin gado, su ƙulle yankin, birki ya saki, rabuwa ta ci gaba. Wanda ya ga haka ba sai an yi masa dogon bayani kan abin da ya sa masu binciken ciwon daji suka sa wa wurin ido ba. In ka kunna layin GWAS Catalog, mai nuna bambance-bambancen DNA da aka danganta da cututtuka, sai ga alamomin haɗarin ciwon zuciya a daidai yankin.

Jerin gadon ɓera ma akwai. A kuromosom na 17, kishiyar RNA mai suna Airn yana tasowa daga cikin ƙwayar gadon Igf2r, ya ratsa mafarinta ya rufe mata baki a kwafin da aka gada daga uba. Igf2r ita ke kwashe sinadarin girma IGF2.

Shawarata ga sabon shiga: layukan da ke fitowa da farko suna da yawa, don haka ka ɓoye su duka da maɓalli ɗaya, ka kunna GENCODE kaɗai, layin da ke nuna ƙwayoyin gado, sannan ka ƙara GTEx don ganin gaɓoɓin da kowane RNA ya fi yawa. Kuma ka riƙe cewa abin da shafin ke nunawa taswira ce kawai. Tana nuna maka inda kishiya take da inda ta dosa, amma ko tana danne abokiyar zamanta ko tana ƙarfafa ta, wannan sai an rage ta a ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaji an auna. Ina nanata wa ɗalibai wannan sosai, domin da yawa daga kishiyoyin da za su gani a can ba a gama gano aikinsu ba.