Gwangwanayen albarushin da suka girme ni

Kawu barka da war haka, ya gida, ya su Inna, ya ƙafar taka. Kwanaki ka tambaye ni wai mafarautan Amurka su ma ɗura bindiga suke yi da hannu kamar ku, to yawancinsu dai harsashi suke saye a kwali, amma akwai masu tsince kwanson tagullar bayan sun harba su koma gida su sake cika shi, kuma a nan Kansas doka ba ta hana ba. Albarushin ma a kanti yake, cikin baƙar roba, mai nauyin fam ɗaya ko fam takwas, da sunansa da lambarsa a jiki, in kuma ta intanet ka yi oda sai an caje ka kuɗi daban don kaya ne mai haɗari. Sai dai fa ba irin namu ba ne mai turnuƙe fili kamar na 'yan bindigar sarki ran hawan sallah, wannan mara hayaƙi ne kuma ƙarfinsa ya wuce wancan nesa ba kusa ba, wanda ya yi gangancin zuba shi a bindigar toka a hannunsa za ta tarwatse.

Abin da ya tuna min da maganarka, wani tsohon bature maƙwabcina ne yayansa ya rasu, ya roƙe ni in taya shi kwashe gareji, muna cikin ɗage kaya sai ga akwati cike da tsofaffin gwangwanayen albarushi, wasu na ƙarfe wasu na kwali. Ni da na ce a zuba a shara, wallahi dattijon nan zama ya yi a ƙasa ya sa tabarau yana bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta salsalar dangi.

Na farko an rubuta Hercules, ya ce wannan kamfanin daga cikin DuPont, babban kamfanin albarushi, aka ciro shi a 1912 lokacin da kotu ta ce DuPont ya mamaye kasuwa shi kaɗai, daga baya a 1995 harkar ta koma hannun wani kamfani Alliant, kenan duk gwangwanin da ka ga Hercules a jiki ya kai shekara talatin ko ya fi. Na biyu DuPont IMR 4895, wanda sojojinsu suka yi yaƙin duniya na biyu da shi. Nan labarin ya yi daɗi, don bayan yaƙi gwamnati ta rasa yadda za ta yi da ragowar, sai wani mutumin nan Kansas, Bruce Hodgdon, ya sayi mai nauyin fam 50,000 a 1947 ya ajiye a tsohon taragon jirgin ƙasa yana aunawa yana sayarwa, yau ga shi kamfaninsa ne babba, har kamfanin albarushin IMR ɗin ma sun saye shi a 2003. Kamar ɗan tebur ne ya wayi gari ya saye masana'antar da yake saro kaya.

To amma sunan da ke jikin gwangwani ba lallai shi ya yi kayan ba, nan ne rikicin. Akwai wani albarushin Hodgdon mai suna H4831, na farkonsa ragowar albarushin igwa mai milimita 20 ne, da ya ƙare aka koma yin sa a Sikotilan, yanzu kuma daga Ostireliya yake zuwa, suna ɗaya ƙasa uku, sai ka duba ƙananan rubutun baya ka ga inda aka yi. Ga kuma IMR 4831, lamba iri ɗaya amma saurin cin wutarsu daban, wanda ya ɗauka abu guda ne zai iya rasa yatsu.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne mu a gida mutum muke sani, ka san wanda kake saye a wajensa tun zamanin babansa, ka murza a hannu ka yarda. Nan kuwa takarda ce komai, kowane iri da littafin awonsa daga kamfani, in an daina yin sa awon ma sai ya ɓace daga sabbin littattafai. Wani lokaci tsarin nasu har gundurata yake, amma a wannan kam na ba su gaskiya.

Can ƙasan akwatin akwai wata kwalbar kofi ba rubutu, ƙwayoyin cikinta 'yan dogaye kamar an kakkarya bakin fensir, na ce Baba ai wannan sak 4895 ne, ya harare ni ya ce shekara hamsin yana wannan abu bai taɓa gane albarushi da ido ba, kuma yayan nasa mutum ne mai haɗa ragowa waje ɗaya. Wani gwangwanin kuma da ya buɗe sai wari mai yaji ya bugi hancina, ga jan gari kamar tsatsa a murfin, ya ce ya lalace, irinsa yana iya kamawa da wuta da kansa. Su biyun ya ware gefe, washegari ya buga waya ya tambayi inda ake karɓar irin waɗannan kaya muka kai. Sauran da ya juye su, gwangwanin Hercules ɗaya ya ba ni kyauta, babu komai a ciki, yana nan kan firij ina zuba canji. A gaida su Inna.