Birkilan da ya gyara mana gidan Inna a Pantami

Masu tambayata ko zan ba da shaidar birkilan da ya gyara mana gidan mahaifiyarmu a unguwar Pantami cikin garin Gombe, amsar ita ce zan bayar, amma ga wanda ba ya gaggawa. Hannunsa yana da kyau ƙwarai. Cika alkawarin lokaci ne bai iya ba.

Aikin ba wani babba ba ne: sauya kwanon da ke yoyo, ƙara ɗaki da banɗaki, sai filasta da fenti. Mun yi da shi a gama kafin azumin 2024, amma sai bayan damina Inna ta shiga ɗakin.

Jinkirin farko ba laifinsa ba ne. A watan Fabrairun shekarar siminti ya yi tashin gwauron zabi, buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin suka amince a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Kuɗin da muka tanada ya kasa. A nan na fara ganin girmansa. Ya ce min, "Alhaji, in ka matsa zan iya ƙara yashi in rage siminti, ba za ka gane ba sai an yi damina biyu. Ni dai ba na son haka a gidan tsohuwa." Muka dakata, muna saye kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma jiran da shi kansa aiki ne. Da aka zuba lintal, wato kankaren da ke bi ta saman ƙofa da taga, ya hana a ɗora bulo a kai, ya sa ana ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikar ƙarfinsa, kuma zafin Gombe na watan Maris da Afrilu yana tsotse ruwan kafin simintin ya gama kamawa, daga nan tsagewa take farawa. Haka ya yi da filasta, ya ce in aka shafa fenti a bango mai danshi ɓarewa zai yi. Yanzu in ka shafa bangon ɗakin, babu tsaga ko ta allura. Wannan jiran ban yi nadamarsa ba ko kaɗan.

Inda ya ɓata min rai shi ne da ruwa ya sauka. Leburorinsa sun koma ƙauye noma, wannan kowa ya san da shi, ban ga laifin kowa ba. Amma ashe ya karɓi wani aikin a wata unguwa bai faɗa min ba, in na kira wayar a kashe, ga yashinmu ruwa yana kwashewa zuwa kwata. Da ya fito min a mutum tun farko da na rufe kayan na jira shi da daɗin rai.

Abin da ya hana ranmu ɓaci gaba ɗaya shi ne Inna. Ita Bafulatana ce, shi kuma Babarbare, kun san wasan da ke tsakani. Tana zaune a tabarmarta gindin darbejiya, yana yin sallama za ta ce, "Babarbare, yau wace goben ce ta kawo ka?" Shi kuma ya durƙusa ya gaishe ta ya ce, "Inna, ku da kuka saba da bukka, gaggawar me kike yi wa ɗakin siminti?" Ta yi dariya har da share hawaye da gefen mayafi, sannan ta aika musu da kwaryar fura da nono. Wallahi sau da yawa nakan zo da niyyar faɗa, in tarar da su a haka, in zauna a sha furar da ni. Jikoki kuma sun samu tulin yashi, kullum suna kai suna nasu ginin. Tun rasuwar Baba ban ga gidan ya cika da hira irin ta waɗannan watanni ba.

Wanda zai ɗauki birkilan nan ya fara aiki da an ɗauke ruwa, wajen Oktoba ko Nuwamba, ya sayi simintinsa da rodinsa kafin a haƙa ko'ina, ya kuma biya shi mataki-mataki, kada ya ba da kuɗin a dunƙule. Katangar baya da ta rage shi za mu sake ba wa, bisa sharaɗin ya faɗi gaskiyar ayyukan da ke hannunsa a gaban shaida.