Karatun Fozitiron: Abin da Ya Kamata a Ƙwanƙwasa Kafin a Biya Kuɗi

Duk wanda ya taɓa sayen tukunyar ƙasa a kasuwar Katsina ya san ba a biyan kuɗi sai an ƙwanƙwasa ta an ji amonta, domin tsagar da ta ɓuya wa ido ba ta ɓuya wa kunne. Da wannan misali na amsa wa wani dattijo maƙwabcina a Ƙofar Marusa, ranar da ya tare ni bayan sallar la'asar ya ce, "Malam, ɗan nan naka ya nace sai karatun fozitiron, ni kuwa ban san abin da zan sayar da gona in saya ba." Na ce masa, "Alhaji, ƙwanƙwasa tukunya ne, sai dai tukunyar ƙarfe ce ko silikon, tsagar kuma gurbin ƙwayar zarra ɗaya ce tak."

Fozitiron takwaran ilektiron ne, wato ɗan ƙanƙanin abu mai cajin lantarki da ke cikin kowace ƙwayar zarra: nauyinsu ɗaya, cajinsu kishiyar juna. Lissafin da Pol Dirak ya fitar a 1928 ne ya nuna yiwuwar samuwarsa, sannan Kal Andasan ya gan shi a gwaji a Amurka a 1932. Idan ya haɗu da ilektiron sai su biyun su ɓace, a madadinsu a sami hasken gama (wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani) guda biyu, kowanne da ƙarfin 511 a ma'aunin makamashi da ake kira kilo-ilektiron-bolt. Amfaninsa ga masu binciken ƙarafa da robobi yana cikin ɗan lokacin da yake ɗauka kafin ya ɓace. A cikin tsabtataccen ƙarfe yana rayuwa kimanin fikosakan 110, a silikon kimanin 220, fikosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa. Amma idan ya tarar da gurbin da ƙwayar zarra ta bari, sai ya faɗa ciki ya lafe, kuma da yake ilektiron sun yi ƙaranci a wurin, sai ransa ya ɗan yi tsawo. Wannan ɗan bambanci shi ne amon tukunyar.

Abu na farko da mai neman wannan karatu zai sani shi ne, ba kwas ba ne da ake cikawa a fom ɗin JAMB. Ƙofarsa digirin farko ne a fiziks, kuma a wannan mataki ban ga dalilin sayar da gona ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma duk suna koyar da fiziks, abin da ake bukata daga ɗalibi kuwa shi ne ya fito da sakamako mai ƙarfi, ya riƙe lissafi da darasin daskararrun abubuwa da na nukiliya, ya kuma koyi rubuta manhajar kwamfuta, domin rabin aikin wannan fanni tace alƙaluma ne.

A digiri na biyu ne hanya ke rabuwa. Mafi kusa da gida ita ce Zariya, inda Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello take da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. An fi amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, amma wanda ya zauna a can zai saba da na'urar auna hasken gama da dokokin kare kai daga tururin nukiliya, kuma waɗannan su ne harsashin aikin fozitiron a ko'ina. Akwai kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, ga wanda zuciyarsa ta fi karkata ga kimiyyar kayan ƙira. Mai son lissafi zalla yana iya neman difilomar shekara ɗaya ta ICTP, cibiyar nazarin fiziks ta duniya da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Sai dai alli da allo zai tarar, ba na'ura ba.

Zaɓin da ya fi wuya, wanda kuma masu neman gurbi suka fi yin kuskure a kansa, shi ne tsakanin babbar cibiya da ƙaramin ɗakin gwaji. Manyan cibiyoyin suna da suna mai jan hankali. Akwai na'urar samar da fozitiron mai suna NEPOMUC a tukunyar nukiliya ta bincike ta Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus, akwai cibiyar Rosandof kusa da Diresdin, akwai ta Dalf a Holan, da kuma ta Tsukuba a Japan. A waɗannan wurare ana rage wa fozitiron gudu a harba shi zuwa zurfin da ake so, har a auna shafen da bai kai kaurin gashi ba. To amma rijiyar gari ce, kowa da gugansa: ana rubuta takardar neman lokaci, a jira watanni, a sami 'yan kwanaki, kuma ranar da aka kashe tukunyar don gyara, aikin ɗalibi ya tsaya cik yayin da kuɗin tallafinsa ke ƙarewa.

Ƙaramin ɗakin gwaji kuwa duk kayansa ba su wuce teburi ɗaya ba. Ana ɗiga gishirin sodiyam-22 tsakanin siraran ledoji biyu, a manna samfur ta kowane gefe kamar an naɗe ƙosai a burodi, a ajiye na'urorin gano haske biyu suna fuskantar juna. Da zarar an haifi fozitiron, sodiyam ɗin na sakin wani hasken gama da ke tayar da agogo, hasken 511 kuma ya tsayar da shi, a yi ta maimaitawa har sau miliyoyi. Ɗalibi shi ke kunnawa, shi ke gyarawa, shi ke kwana a kai. A ganina, ga ɗan Katsina da ke da niyyar dawowa gida ya koyar, wannan ya fi riba nesa ba kusa ba, domin irin wannan teburi ne wata jami'armu za ta iya saye wata rana bayan samun lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, kuma cibiyar iThemba ta Afirka ta Kudu tana cikin masu samar da sodiyam ɗin. Sai dai a tambayi shekarun sodiyam ɗin, domin rabin ƙarfinsa na tafiya duk bayan shekara 2.6.

Batun kuɗi ma a buɗe ido. Maganar da ake yi cewa karatu kyauta ne a Jamus ba ta game ko'ina ba, domin Jami'ar Fasaha ta Munik ta fara karɓar kuɗin makaranta daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba a 2024, kuma neman bizar karatu kan bukaci nuna fiye da Yuro dubu 11 na guzurin shekara, sai fa in an sami tallafi irin na DAAD, hukumar Jamus mai ba da tallafin karatu. Wanda burinsa samun aiki da wuri ne, gara ya duba fiziks na asibiti, inda ake amfani da fozitiron ɗin fulorin-18 wajen ɗaukar hoton ciwon daji.

Da yaron ya zo mini da sunayen jami'o'i bakwai a takarda, sai na ce ya soke su ya rubuta sunayen malamai a madadinsu, ya aika wa kowanne tambaya uku: shin na'urar tana cikin ɗakinsa ko ta aro ce, ɗalibai nawa ne ke layi a kanta, kuma wa zai biya kuɗin shekarar ƙarshe. Mahaifinsa dai ya fasa sayar da gonar a bana, ya shuka gero.