Inda mai saurin fushi zai nemi taimako a Bauchi, da inda bai kamata ya taka ba

Wanda zuciya ke ɗiba ya san abin da nake nufi. Magana ce 'yar ƙarama, sai ka ji ƙirji ya ɗau zafi, kunne ya toshe, kafin ka ankara baki ya furta abin da shekara ba za ta goge ba. Ni ranar da na yarda lamarina ya wuce "ai halinsa ne" ita ce ranar da na yi jifa da kwanon tuwo a gaban 'ya'yana, don kawai an tambaye ni kuɗin makaranta ina shigowa gida. Uwargida ta tattara ta tafi gidansu, ta yi kwana 19. Da na je biko mahaifinta bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Baban Ummi, ba haƙuri muke so ka ba mu ba, magani muke so ka nema." Daga nan na fara yawon nema, na kuma sha wuya kafin na dace. Abin da na gani a hanya ne zan shimfiɗa wa wanda ke tsaye inda na taɓa tsayawa.

Malamin unguwa shi ne ƙofar farko ga yawancinmu, kuma ban raina ta ba. Zai tuna maka ka yi a'uziyya, in kana tsaye ka zauna, ka yi alwala. Duk gaskiya ne, har gobe ina yi. Sai dai nasiha ta zama ɗaya ce, ba wanda zai bi ka mako-mako ya ga inda kake tuntuɓe. Dattawan gida kuwa sulhu suka iya, su mayar da mata ɗakinta, fushin yana nan inda yake. Kemis kada ma ka fara: zai miƙo maka Diazepam, wanda yara ke kira D5, ka yi barci kwana biyu, daga baya jiki ya saba ka kasa rabuwa da shi.

Wanda na ba zuciyata, kuma shi nake tura kowa wurinsa, shi ne masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a cikin asibiti. A nan garin ka nufi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. In kana Gombe, Asibitin Koyarwa na Tarayya. Hanyar shiga ba ta da wani sirri: ka buɗe kati, ka ga likita a sashen GOPD, wato inda ake fara duba marasa lafiyar da ba a kwantar ba, ka faɗa masa ƙarara cewa fushi ne ke neman rusa maka gida, ka nemi ya tura ka. Na san abin da ke tsayar da mutane. "Wurin mahaukata zan je?" Ni ma na faɗi haka. Ranar da na zauna a layi, malamin makaranta ne a damana, wata baiwar Allah mai jego a haguna, ba wanda ya kalli wani sau biyu.

Mutane biyu ne a wannan sashe da ake yawan haɗa su, alhali aikinsu daban. Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, shi ke bincike ya rubuta magani. Masanin halayya ba ya rubuta ƙwaya, zama yake yi da kai. Ina son a fara ratsawa ta hannun likitan, don fushi sau da yawa hayaƙi ne, wutar tana wani wuri. Ciwon damuwa a wurin maza yakan fito da fuskar faɗa maimakon kuka. Rashin barci yana sa haka. Halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, idan ta yi aiki fiye da kima tana sa bugun zuciya da saurin hasala, kuma gwajin jini ne ke nuna shi. Wanda ya taɓa buguwa a ka a haɗarin mota ko babur, halinsa kan sauya. Ga 'yan'uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe suka zauna a cikinmu, akwai masu ɗauke da firgicin abin da idonsu ya gani, ƙarar ƙofa kaɗai ta isa ta tayar da su. Sai kuma tiramol da wiwi da kodin, wanda gwamnati ta hana shigo da maganin tarin da ke ɗauke da shi tun 2018 amma bai ɓace daga unguwanni ba. Babu wata ƙwaya guda da aka yi don fushi. Idan likita ya ba ka magani, abin da ke ƙarƙashin fushin yake yi wa.

Ni bincike bai nuna komai ba sai ƙarancin barci, aka miƙa ni ga masanin halayya. Hanyar da ya bi da ni ita ce wadda ake kira CBT, wato gyara tunani tare da gyara ɗabi'a. Zama ɗaya minti 45 zuwa awa guda, sau ɗaya a mako, kuma irin wannan aiki yakan ɗauki zama 8 zuwa 12. A zaman farko bai ce mini in yi haƙuri ba, kalmar da na gaji da ji. Littafin rubutu ya sa na saya. Duk lokacin da na hasala in rubuta ƙarfe nawa, wa ke wurin, me aka ce, me jikina ya fara yi, wane tunani ne ya zo mini, sannan in ba fushin maki daga 1 zuwa 10. Bayan mako biyu muka buɗe littafin tare. Kusan duka tsakanin Magariba da Isha'i ne, ina dawowa daga kasuwar Muda Lawal da yunwa da gajiya, kuma tunani ɗaya ne ke maimaita kansa: "an raina ni." Ya ce, "Malam, da yarinya ta ce an kore ta a kan kuɗin makaranta, raini ne ko tsoro?" Na yi shiru. Shekara da shekaru ina fassara tsoron 'ya'yana da raini.

Daga nan aka shiga koyo, kamar yadda ake koyon tuƙi. Na gane haƙorana ne ke fara cijewa kafin murya ta tashi, to nan ne wurin taka birki. Ya koya mini jan numfashi a hankali da sakinsa a tsawace. Muka yi yarjejeniya da uwargida, da saninta da yardarta, cewa idan na ce "zan fita in dawo", ba gudun magana ba ne, minti 20 ne, kuma dole in dawo mu ƙarasa. Ya sa na riƙa gwada faɗin buƙatata ba tare da zagi ko gori ba, a gabansa, sau da yawa, har bakina ya saba. Abin da ya fi kwanta mini a rai, bai taɓa raba ni da addinina ba. Alwala da sauya wuri ya sa su cikin tsarin, ya ce su ne fitar minti 20 ɗin tawa.

Yana da wahalarsa. Masu wannan ilimi kaɗan ne, layi yana da tsawo, wani lokaci a ɗaga maka rana, yajin aiki kuma in ya zo sai haƙuri. Mutumin Misau ko Ningi sai ya haɗa da kuɗin mota. Mai hali zai iya neman ƙwararre a asibitin kuɗi, ya huta da layi, aljihu ya ji a jikinsa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Kafin in je asibiti, kunya ta kai ni hannun wani mai kiran kansa ƙwararre kan zamantakewar aure a intanet. Hotonsa da farar riga, mabiya dubbai, magana kamar zuma. Na tura masa N15,000 ta asusun wani suna daban da nasa, ban ma tsaya tambaya ba. Ya ce in aiko da bayanina ta saƙon murya a WhatsApp. Na zazzage masa cikina kaf, har abin da ban taɓa faɗa wa mahaifiyata ba. Amsarsa saƙo biyu ce da kowa zai iya ba kowa, sai tallar wata kwalba ta "sanyaya zuciya". Bayan mako uku ƙanwar matata ta turo mini bidiyo. Ga shi zaune yana ba da labarina ga duniya. Bai faɗi sunana ba, amma ya faɗi sana'ata, da unguwarmu, da yawan 'ya'yana, da kwanon tuwon. Duk dangin matata suka gane. Gyaran da aka fara ya koma baya, kuma ba ni da inda zan kai ƙara, don ko sunansa na gaskiya ban sani ba.

Shi ya sa tambayata ta farko ga duk wanda zan buɗe wa baki ita ce, ina maganata za ta kwana? A asibiti fayil ne mai lamba, a kan shiryayye, kuma akwai na sama da shi da za ka kai wa kuka. Likita yana da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, yana sabunta lasisinsa duk shekara, in ya ci amana akwai abin da zai rasa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin marar lafiya, har da sirrinsa. Mai waya da farar riga kuwa, yau yana nan, gobe ya goge shafi ya buɗe wani. Ƙwararren gaske ma zai gaya maka tun farko iyakar sirrin: idan ya ga ran wani ko naka yana cikin haɗari, ba zai yi shiru ba. Wanda ya fayyace maka wannan ya san aikinsa.

Ka tambaye shi inda ya yi karatu da asibitin da yake aiki. Masanin halayya na asibiti yana da digiri a fannin, da digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya. Takardar bitar kwana uku a otal ba ta mayar da mutum ƙwararre. In ya ji haushin tambayar, tashi. In ya ce zai raba ka da fushi cikin kwana 7, tashi. In ya ce a biya kuɗin wata uku a dunƙule kafin a gan shi, ko ya nemi hoton matarka, ko ya nemi lambarta don ya "yi mata magana shi kaɗai", kada ka sake ɗaga wayarsa. Haka wanda tun kafin ka gama bayani ya yanke cewa sammu ne, ya fara nuna maka kishiyar uwa ko maƙwabci. Mutumin da ke fama da zuciya, ka ba shi sunan wanda zai tsana, me ka yi ke nan? Kwalaben da ba lambar NAFDAC, ba a san abin da ke ciki ba, wasu barci kawai suke sa mutum, iyali su ɗauka ya yi sanyi.

Iyaye kuma, don Allah, yaro mai zafin zuciya ba a kai shi gidan mari. Duk mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, ɗaruruwan mutane, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Duka ba ya koya wa kowa riƙe zuciya.

Idan kuwa har hannu ya fara kaiwa jikin mata ko yara, kada a ce za a zaunar da ku tare a sasanta tukuna. Su koma inda suke da aminci, kai kuma ka je asibiti a wannan makon, kai kaɗai, ka faɗi abin da ka aikata da sunansa. Ka tafi da duk maganin da kake sha, har na gargajiya, ka kuma fita da sassafe, don kati da layin GOPD kan cinye hantsi.