Fim ɗin hoto da wa'adinsa ya wuce: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka duba shekarar da ke jikin kwali, tambayi mai sayarwa inda fim ɗin ya zauna. Wanda ya shekara 20 a firiza yakan fi lafiya a kan wanda ya yi shekara 5 a shago mai rufin kwano, domin zafi da laima ne ke cinye sinadarinsa. Idan ya ce bai sani ba, ka taya da arha ko ka wuce.

Baƙi-da-fari shi ne mai juriya. Ba rini a jikinsa, azurfa ce, don haka tsohon Ilford FP4 ko Kodak Tri-X yakan ba da hoto mai kyau, sai ɗan hazo da ƙarin tsaki-tsaki. Shi nake ba wa mai farawa shawara ya saya.

Mai kala, irin su Kodak Gold, caca ne. Rininsa hawa-hawa yake, kuma hawan ba sa tsufa tare, shi ya sa za ka ga farar riga ta koma shunayya-shunayya, inuwa ta yi kore. Masu harkar sukan ninka masa haske a kan kowace shekara 10: fim mai ISO 400 (ISO ita ce lambar saurin kama haske da ke jikin kwali) da ya wuce wa'adi da shekara 10, sai a saita kyamara a 200. Ka lura kuma, mai ISO 800 ya fi mai 100 saurin lalacewa, ko da a firiza yake.

Silaid, wato fim ɗin da ake haska hotonsa da majigi, kamar Velvia, ba ya jure ƙarin haske, kuma wankinsa da tsada. In ba daga sanyi ya fito ba, ƙyale shi. Kodachrome kuwa, wani tsohon silaid, kada ka taɓa: Kodak ta daina yin sa a 2009, wurin ƙarshe da ke wanke shi da kala, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓar sa a ƙarshen 2010.

Abin da ke damuna shi ne mutane na manta kuɗin wanki. Ko hoto ya fito ko bai fito ba, sai ka biya. In ratar farashi da sabon baƙi-da-fari irin su Kentmere ko Fomapan ba ta da yawa, sabon ya fi. Biki da suna kuwa ba a maimaita su, kada ka ɗauke su da tsohon fim.

In ka samu guda biyar da aka ajiye wuri ɗaya, ɗauki ɗaya ka kai wanki, sannan ka san yadda za ka saita sauran.