Kahoot ko Google Forms? Amsa ga malama mai ɗalibai 58

Malama, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce kina koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 58, babu majigi a makarantar, kuma kina neman manhaja ta kyauta da za ta farkar da aji ta kuma rage miki wahalar makin takardu. Wasu sun ce Kahoot, wasu sun ce Google Forms, kin rasa na ɗauka. Na yi aiki da duka biyun, bari in faɗa miki yadda na same su.

Abu biyu kika haɗa a buƙata ɗaya, farkar da aji da rage aikin maki, kuma a nan taura biyu ba ta taunuwa. Kowace manhaja ɗaya ta iya.

Kahoot wasa ne. A ƙasar Norway aka ƙirƙire shi, ya fito a 2013, tushensa binciken Farfesa Alf Inge Wang na jami'ar kimiyya da fasaha da ke Trondheim. Malami zai buɗe wasan, lamba ta fito, kowane yaro ya shiga kahoot.it ya buga lambar ya rubuta sunansa. Tambaya ta bayyana, agogo na gudu, kiɗa na tashi, amsoshi huɗu kowace da launinta: ja, shuɗi, rawaya, kore. Bayan kowace tambaya a nuna waɗanda ke kan gaba, a ƙarshe a ɗora mutum uku a dandamalin nasara. Ranar da na fara gwada shi da karin magana, ina kawo rabin farko yara na zaɓen cikon, sai ga yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba ya miƙe tsaye yana ihu don ya zo na biyu. Wannan abin Forms ba zai taɓa ba ki shi ba.

Sai dai ki lura da yadda yake raba maki, don nan ne malamai da yawa ke yin kuskure. Tambaya ɗaya tana iya ba da maki har 1000, amma makin yana raguwa da kowace daƙiƙa. Wanda ya amsa daidai nan take zai samu kusan dubun cif, wanda ya amsa daidai a daƙiƙar ƙarshe ya tashi da wajen 500. Yara biyu sun san amsa, ɗaya ya ninka ɗaya. To me aka auna? Saurin yatsa, da ƙarfin netwak ɗin wayar da ke hannunsa. Yarinyar da ke karatu a tsanake, mai son ta maimaita tambaya kafin ta taɓa, kullum tana ƙasa. Shi ya sa ba na yarda a ɗauki makin Kahoot a zuba a takardar sakamakon zango. Zalunci ne, ko da malamin bai nufa ba.

Sannan yana son na'ura a hannun yara a lokaci guda, da intanet da ba ya yankewa. Rashin majigi da sauƙi, akwai saitin da ke nuna tambayar a fuskar wayar mai amsawa. Matsalar ita ce wayoyin. Ana iya raba aji rukuni-rukuni kowane da waya ɗaya, amma mutum 58 ko da takwas-takwas kika raba su sai kin nemo waya takwas, ban da taki. Kuma tsarin kyauta yana da iyakar yawan masu shiga, kamfanin yana sauya iyakar lokaci zuwa lokaci, don haka ki duba ta ranar da kike rajista, ki kuma yi rajistar a matsayin malamar makaranta.

Google Forms shiru-shiru ne, ba kiɗa ba agogo. Takardar tambayoyi ce da ke kan intanet, a 2016 aka ƙara mata tsarin gwaji mai yin maki da kansa. Ki rubuta tambayoyi, ki nuna amsar da ke daidai, ki sa makin kowace, ki tura adireshin a zauren WhatsApp na iyaye. Yaro ya ari wayar babarsa bayan magariba ya amsa. Da safe kin tarar da maki a jere, in kina so ki zuba su cikin Google Sheets, wato manhajar jadawali ta Google, da taɓawa ɗaya. Abin da na fi ƙauna a ciki shi ne wurin da yake ware miki tambayoyin da fiye da rabin aji suka faɗi. Wannan ya fi makin kansa amfani, domin ya gaya miki darasin da bai shiga ba. Kina kuma iya rubuta bayani ƙarƙashin kowace tambaya, wanda ya kuskure ya karanta dalili nan take. Datar da yake ci kaɗan ce muddin ba ki cika shi da hotuna da bidiyo ba, kuma wanda ya shiga da asusunsa na Google, in netwak ya yanke yana tsakiyar amsawa, abin da ya rubuta yana nan ajiye har kwana 30.

Tunda Hausa kike koyarwa, ga wani tarko da na faɗa ciki. In kika sa tambayar da yaro zai rubuta gajeriyar amsa da kansa, na'urar harafi da harafi take dubawa. Kin sa "ƙofa", yaro ya rubuta "kofa" saboda allon rubutun wayar gidansu ba shi da haruffa masu lanƙwasa, sai ta ba shi sifili. Wani ya rubuta "k'ofa", shi ma sifili. Mafita biyu ce. In ba ƙa'idar rubutu kike aunawa ba, ki shigar da dukkan sigogin a matsayin amsa daidai, Forms ya yarda da haka. In kuwa ita kike aunawa, kamar bambancin "ƙafa" da "kafa" ko "ɓata" da "bata", to ki mayar da tambayar ta zaɓi, kuma ki koya wa iyaye sa harshen Hausa a Gboard, wato allon rubutun waya na Google. Insha'i da duk wata doguwar amsa kam, ke ce dai za ki karanta ki ba da maki.

Babban raunin Forms shi ne ba ki san wanda ya amsa ba. Yaya ne, ko uba, ko littafi a buɗe? Za ki iya sa tambayoyi su riƙa sauya jeri, za ki iya taƙaita amsa sau ɗaya ga kowa, amma wannan na biyun sai da asusun Google, kuma gidan da yara biyu ke aji ɗaya suna aron waya ɗaya, na farko yana gamawa ya rufe wa na biyu ƙofa. Ga kuma yaran da babu babbar waya a gidansu sam. In kika sa jinga ta Forms kaɗai, kin hukunta su a kan abin da ba laifinsu ba. Ni nakan buga kwafi kaɗan a takarda saboda su.

Da a ce tsakanin biyun nan kawai za ki zaɓa, Forms zan ce, don jinga da bitar mako. Kahoot ki ajiye shi sai ranar da aka ba ku ɗakin kwamfuta ko gasar kacici-kacici tsakanin azuzuwa.

Amma ajin da kika kwatanta, akwai na ukun da ya fi dacewa da shi, wato Plickers. Wayarki kaɗai yake buƙata. Za ki buga katunansa kyauta a takarda, kowane yaro da nasa mai lamba, kuma suna kaiwa 63, kin ga 58 ɗinki sun shiga. Kowane kati yana da gefe huɗu, A, B, C, D. Ki rubuta tambaya a allo da alli, yaro ya juya harafin da ya zaɓa sama ya ɗaga katin, ke kuma ki bi ajin da kyamarar waya daga wannan bango zuwa wancan. Cikin daƙiƙoƙi kin ga wanda ya gane da wanda bai gane ba, da sunansa. Zanen kowane kati daban ne, haruffan kuma ƙanana, na kusa ba ya iya kwafa, kuma babu ruwansa da wanda ya riga wani ɗagawa. A tsarin kyauta tambaya biyar ake sawa a kowane jeri, wanda ya isa auna fahimta a ƙarshen darasi na minti 40. Shigar da sunayen yara ya fi sauƙi a kwamfuta, sau ɗaya za ki yi shi. Ki manna katunan a kwali mai kauri, kada ki sa musu leda mai ƙyalli, hasken taga yana hana kyamara karanta su. In kin fara, ki gwada da tambaya ɗaya mai sauƙi tukuna har yaran su saba riƙe katin ba tare da yatsa ya rufe zanen ba.