Faifan Toscanini: hoton ya tsufa amma tsohon nan ya gama da ni

To jama'a, faifan DVD ɗin Arturo Toscanini, madugun makaɗa ɗan Italiya, da na yi oda sun kai wata guda a hannuna, kuma wallahi tun zuwansu kusan kullum bayan isha'i sai na kunna ɗaya. Wasanni goma ne da gidan talbijin na NBC a Amurka ya haska kai tsaye daga 1948 zuwa 1952, shi ne madugu a gaban makaɗan NBC ɗin, waɗanda dama dominsa aka haɗa su a 1937.

Gaskiya hoton sai haƙuri, baƙi da fari ne dishi-dishi, don lokacin kyamarar fim ake kafawa a gaban allon talbijin a ɗauka, wani wurin ko fuskar masu goge ba ka tantancewa. Sautin wasannin farko ma a bushe yake saboda ɗakin NBC da aka yi su, Studio 8H, ba ya amsa amo, na baya da aka yi a zauren kiɗa na Carnegie Hall sun fi daɗi a kunne nesa ba kusa ba.

Amma fa tsohon! Ranar wasan farko, 20 ga Maris 1948, kiɗan da Bajamushen nan Wagner ya tsara zalla, saura kwana biyar ya cika 81, kuma ba ko takarda a gabansa, komai a ka yake tunda idonsa ba ya gani sosai. Na daɗe ina jin kiɗansa ban taɓa ganin hannunsa ba sai yanzu, dama riƙe da 'yar sanda tana yanka iska ba wani rawar kai, hagu kuma wani lokaci ya dafa ƙirji wani lokaci ya kai yatsa baki wai a sassauta, kuma nan take sai ka ji mutum kusan ɗari sun yi ƙasa da sauti kamar mutum ɗaya, tsigar jikina har tashi take. A Aida ta 1949 ma, wasan kwaikwayon waƙa da ake kira opera, za ka ga bakinsa na motsi yana bin mawaƙan.

Wanda na fi maimaitawa shi ne na ƙarshe, 22 ga Maris 1952, simfoni (dogon kiɗan tarin makaɗa) na biyar na Beethoven sai kiɗan Pines of Rome na Respighi. Ƙarshen Pines of Rome ɗin inda kakaki ke ta hauhawa a hankali har ɗaki ya cika, ranar farko sau uku na dawo da wurin baya. In za ka saya ka sa iyafis mai kyau, sifikar talbijin cinye rabin gangunan take yi.